Ina son fara tara keris, amma ina jin an yi min sakiyar da ba ruwa tun a ta farko

Ɗan_Gombak

Slm jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar wuƙaƙen gargajiya na Malesiya da Indunusiya, musamman wadda suke ce wa keris, mai lanƙwashe-lanƙwashen nan kamar maciji na tafiya. Ni ɗalibi ne a nan Kuala Lumpur shekara ta biyu kenan, kuma abin ya samo asali ne daga wani biki da abokin karatuna ya kai ni can garinsu a Kelantan, na ga ango ya fito cikin kayansu ya soke wuƙar a gaban cikinsa ƙotar ta leƙo, ni da na taso ina wasa da takobin kakana da ke rataye a zaure sai kawai abin ya shiga raina. Daga nan na je Muzium Negara, gidan tarihi na ƙasa, na kusa wuni a gaban gilashin da aka jera su har mai gadi ya fara kallona.

To makon jiya na je wata kasuwar ƴan gwanjo ta ƙarshen mako, wani dattijo ya nuna min guda ɗaya mai lanƙwasa 13 da kan dodo a gindinta an shafa masa wani abu kamar zinare, ya ce wai tun zamanin daular Majapahit ta tsibirin Jawa take, gadon kakan matarsa ce, har ya tsayar da ita a kan tsininta a kan tebur ta tsaya cak ba ta faɗi ba. Wlh a nan ya gama da ni. Ringgit 450 na ba shi, kuɗin cefanena na wata guda kusan. Da na dawo ɗaki na nuna wa wani ɗan Indunusiya da muke hawa ɗaya da shi sai ya yi murmushi kawai ya ce tana da kyau, irin murmushin da ake yi wa wanda ya sayo jabun agogo a tasha.

Tambayoyina su ne, ta yaya mutum yake gane tsohuwa da sabuwa, da wacce ya kamata sabon shiga ya fara, sannan akwai ɗan tsatsa a jikinta zan iya sa samfefa in goge? Kuma in na gama karatu zan iya tahowa da su gida ba matsala?

Alhaji_na_Jakarta

Wslm ɗana. Kafin komai, ajiye samfefar nan, kar ka kuskura ka kusantar da ita, zan dawo kan wannan.

Ni fatauci ya kai ni ƙasar Indunusiya, shekara da shekaru ina sayo yadi da kayan yara a kasuwar Tanah Abang ta Jakarta, in an gama lodi ana jiran kwantena ta tashi ba abin yi sai yawo, a haka na faɗa kasuwar Rawa Bening da ke Jatinegara inda ake sayar da duwatsun zobe, a can na fara ganin masu keris. Kuɗin makarantar da ka biya nima na biya, nawa ma ya fi naka, don haka kar ka ji kunya. Amma gaskiya ɗaya ce, taka ba ta Majapahit ba ce. Daular nan an kafa ta a 1293, zuwa farkon ƙarni na 16 ta ruguje, ka lissafa ka gani, ƙarfen da ya yi shekara ɗari biyar zuwa bakwai ana wanke shi da ruwan tsami duk shekara, ya zaizaye ya yi siriri, kuma irinsa mai kan naga, wato dodon macijin nan, da zinare na gaske yana fada ko gidan tarihi ko hannun attajiran da ba sa sayarwa, ba ya zuwa teburin gwanjo a kan ringgit 450. Siffar da ka kwatanta, lanƙwasa 13 da kan macijin, ita suke kira Nagasasra, kuma don ta fi kowacce ɗaukar ido ita aka fi ƙerawa don baƙi irinmu. Abin da ka ga yana walƙiya kuma tagulla ce, in ka bar ta wata biyu za ka ga ta dushe. Zancen tsayuwa a kan tsini kuwa, iya daidaita nauyi ne kawai, in ka yi haƙuri ko wuƙar yankan albasa za ka tsayar a kan tsininta.

Abin da zan gaya maka wanda ni ba wanda ya gaya min da wuri shi ne, a wannan harka labari ake sayarwa kafin ƙarfe. Kai kuma ƙarfen za ka saya. Duk lokacin da mai kaya ya fara da kakan wane da mafarkin da aka yi da yadda take motsi cikin dare, to ka toshe kunne ka buɗe ido.

In ka riƙe keris abu uku masana suke dubawa. Akwai dapur, wato siffar ruwan wuƙar, miƙaƙƙiya ce ko mai lanƙwasa da irin sassaƙar da ke gindinta. Mutane suna ɗauka kowace keris lanƙwasasshiya ce, ina, miƙaƙƙun suna da yawa ƙwarai, kuma dattawan Jawa da yawa sun fi son su, irin su Tilam Upih da Brojol waɗanda ba su da wani ado. Lanƙwasar suna ce mata luk, kuma kullum mara take ba cika ba, 3, 5, 7 har 13, in ta wuce 13 suna ce mata kalawija, ba a ɗauke ta cikin tsarin da aka saba ba. Sai pamor, zanen nan fari-fari da ke cikin ƙarfen, shi ma kowanne da sunansa, wos wutah wato shinkafar da ta zube, udan mas ruwan saman zinare mai ɗigo-ɗigo zagayayyu, kulit semangka ɓawon kankana. Na ukun shi ne tangguh kuma a nan ake yanka mutane. Tangguh ƙiyasi ne na zamani da yankin da salon ƙirar ya yi kama da shi, a ce tangguh Majapahit ko Tuban ko Mataram na zamanin Sultan Agung wanda ya yi mulki daga 1613 zuwa 1645. Ra'ayin masani ne, ba takardar haihuwa ba ce, na sha zama a gaban dattawa biyu wuƙa ɗaya a tsakaninsu kowa ya ba ta zamani daban, kuma suka sha shayinsu aka tashi lafiya.

Shawarata ka fara da sabuwa wadda aka ce maka sabuwa ce. Duk wadda aka ƙera bayan samun ƴancin Indunusiya a 1945 suna kiranta kamardikan, kuma ba abin raini ba ce ko kaɗan, akwai ƙauyen Aeng Tong-Tong a Sumenep da ke tsibirin Madura, kusan kowane gida sana'ar kenan, a cikinsu akwai masu aikin kasuwa na gaggawa akwai kuma masu hannu da in ka ga aikinsu sai ka riƙe baki. Tun da UNESCO ta sa keris ɗin Indunusiya cikin gadon al'adun duniya a 2005 kasuwarsu ta ƙara buɗewa. Matsalar ba sabuntar ba ce, matsalar sai an ɗauki sabuwar an jiƙa ta a ruwan asid ta ci ta yi rami-rami a ce maka ta shekara 600. Kuɗin da za ka sayi jabun tsohuwa biyar da shi, tara shi ka sayi sabuwa ɗaya mai kyau daga hannun wanda zai faɗa maka sunan maƙerin.

Kuma tunda kana kusa, in an yi hutu ka hau jirgi ka je Solo, wato birnin Surakarta a Jawa, akwai gidan tarihin Museum Keris Nusantara da aka buɗe a 2017, ka yi kwana biyu kana kallo kawai, sannan ka shiga kasuwar Triwindu ka taɓa kaya ka bar walat ɗinka a masauki. Da gaske nake, ka bar shi a masauki.

Jikan_Sarkin_Maƙera

Alhaji Allah ya ƙara girma, kun gama magana. Ni ban taɓa taka ƙasar ba, amma gidanmu gidan ƙira ne, da zuga-zugi na buɗe ido, kuma guda biyu da nake da su wani ƙanina ne da ya yi karatu a can ya kawo min don ya san halina da ƙarfe. Bari in yi wa ɗan'uwana bayanin dalilin da ya sa aka hana shi samfefa, don in bai gane ba wata rana zai yi.

Zanen nan ba a saman ƙarfen yake ba kamar fenti, a cikin jikinsa yake. Maƙerin, su empu suke ce wa babban gwani a cikinsu, yana jera baƙin ƙarfe da wani ƙarfen mai nikel a ciki, ya zuga su a wutar gawayi har su kama juna, ya buga ya miƙar ya ninke, ya sake bugawa ya ninke, kamar yadda mata ke ninka ƙullin fulawa, har ya zama falle-falle masu ɗimbin yawa. Daga nan sai ya sa ƙarfe mai tauri a tsakiya shi ne zai zama kaifi, ninkakken ya rufe shi ta kowane gefe. Duk wanda ya taɓa haɗa ƙarfe biyu a wuta ya san wahalar, zafi ya yi kaɗan ba za su kama ba, ya yi yawa ka ƙone kayanka. To bayan an gama in ka kalle ta fara ce fat ba ka ganin komai sosai, sai an shafa mata wani haɗi na lemon tsami da sinadarin asenik da suke kira warangan, shi ne yake baƙanta ƙarfen ya bar nikel ɗin da haskensa, zanen ya fito. Kenan in ka sa samfefa baƙin nan za ka kankare, ka kuma shafe ƴan tudu da kwarin da ke tsakanin fallayen, ka mayar da ita wuƙar mahauta.

Ga gwajin da maƙeri zai yi. Ka dubi layukan zanen a daidai inda wuƙar ta lanƙwasa. In a wuta aka lanƙwasa ta, layukan za su bi lanƙwasar su juya tare da ita kamar ruwa a kwana. In kuwa miƙaƙƙiya ce aka sa injin gurza aka yanke mata ciki don ta yi tsada, za ka ga layukan sun tafi sak sun faɗo a bakin kaifi an datse su. Sannan ka kalli ramukan da ke jikinta, cin shekaru ba ya zuwa bai ɗaya, wani wuri ya fi wani kuma bakin ramin ya yi laushi, amma cin asid ko'ina iri ɗaya ne kuma da kaifi-kaifi, in ka shafa da auduga sai ta maƙale. Akwai ma na can ƙasa waɗanda ƙarfe ɗaya ne kawai aka zana masa zanen da asid ko fenti, su ko yaro zai gane in ya dubi gefen.

Abin da ya burge ni da na karanta, wai wani dutse ya faɗo daga sama kusa da Prambanan da ke Jawa a ƙarni na 18, ƙarfe ne mai nikel, aka kai shi fadar Surakarta ana gutsura ana sa wa wuƙaƙen sarakuna, har yau ragowar tana can. To amma shi ya ja yanzu kowane dillali sai ya ce tasa da ƙarfen sama aka yi. Dutse ɗaya dai. Yawancin na da da ƙarfen Luwu na tsibirin Sulawesi aka yi su, na yanzu kuma nikel ɗin kanti ne, shi ya sa zanensu yake fari tas kamar azurfa.

Abu_Hafsa

Ni fa tambayata daban ce, ku yi haƙuri. Ba waɗannan wuƙaƙen ba ne ake cewa suna da aljanu ana yi musu turare ana yi musu wanka? Na ga bidiyonsu a YouTube mutum ya ɗaga wuƙa ya kai goshi kamar yana gaishe ta. Ɗan'uwa ka yi hattara kar garin sha'awa ka shigo da tsafi ɗakinka, imani ya fi kayan ado.

Alhaji_na_Jakarta

Malam Abu Hafsa gaskiyarka, akwai wannan, ba zan ɓoye ba. Akwai masu ganin wuƙar tana da mai ita a ciki, suna zaɓen pamor don kasuwa ko don kwarjini, udan mas ɗin nan ma ƴan kasuwa ke rububinsa wai yana jawo arziki. A watan Suro, wato Muharram ɗinmu, ake fito da kayan gado a wanke, a Surakarta har zagayen dare ake yi da kayan fada fararen ɓauna suna gaba. Suna kuma da tatsuniyar Empu Gandring, maƙerin da Ken Arok ya soke da wuƙar da bai gama ƙera masa ba, kafin ya cika ya yi baki cewa sai ta ci rai bakwai har da shi Ken Arok ɗin, wanda ya kafa daular Singhasari a 1222. Kowane ɗan makaranta a can ya san labarin.

Amma su kansu Musulmin can wannan muhawarar suke yi, na zauna da masu sallah a sahun gaba da suke tara keris suna ce maka ƙarfe ne da aikin hannu, ba ya amfanarwa ba ya cutarwa sai da ikon Allah. Mu ma nan ai ba baƙon abu ba ne, wane irin labari ne ba a ba mu ba a kan takubban gidan sarauta da wuƙaƙen ƴan tauri? Wanda ya rataye takobin kakansa a zaure bai zama ɗan tauri ba. Wankan shekara-shekaran in ka cire abin da aka lulluɓa masa, cire tsatsa ne da shafa mai, ƙasa ce mai laima ƙarfe ba ya haƙuri. Ni nawa ba na musu turare ba na kai su goshi, amma in wani ya miƙo min tasa ina karɓa da hannu biyu, ba na zarewa sai na nemi izini, ba na nuna kowa da tsinin, wannan ladabi ne kawai. Wani abin dariya ma, a Jawa ba a ce maka nawa ne kuɗinta, sai a ce nawa ne mahar ɗinta, wato sadaki. Ranar da na gaya wa uwargida na biya sadaki a Jakarta sai da aka yi ƙaramin yaƙi kafin in fito da amaryar daga akwati.

Ɗan_Gombak

Hhhh Alhaji Allah ya bar zumunci, na gode ƙwarai da gaske. Baba Jikan Sarkin Maƙera na duba kamar yadda kuka ce da fitilar waya, layukan suna bin lanƙwasar, to ko ba komai a wuta aka yi ta ko? Amma auduga kam ta maƙale sosai, duk jikinta kamar ƙaya. Malam Abu Hafsa na gode da tunatarwa, in sha Allah ado ne kawai da son tarihi. Saura maganar tsatsar da kuma tahowa da ita gida.

Maman_Ilham

Ƙanena bari in sa baki a kan maganar tahowa da su, don mun yi shekara shida a Malesiya ni da maigidan, shi ne mai tarawa ni ce mai shirya akwati, don haka ni na san inda yake ciwo.

Farko dai ko da wasa kar ta shiga jakar hannu, cikin babban akwatin da za a auna za ka sa, a naɗe da kyau, da rasit ɗin inda ka saya a kusa, kuma ka tambayi kamfanin jirgin tun kafin ranar tafiya har da ƙasar da za ku yada zango. Mu a wani filin jirgi sai da aka kira sunan maigidan a lasifika aka buɗe akwatin a gaban jama'a, kayan yara a warwatse, rasit ɗin nan ne ya cece mu, da ƙyar muka samu jirgin. A cikin garin ma kar ka riƙa yawo da ita a jakar makaranta kana nuna wa abokai, Malesiya suna da dokar makamai tun ta 1958 kuma ba sa wasa da ita, balle kai baƙo mai bizar karatu.

Na biyu, wannan wani dalili ne da zai sa ka bi shawarar Alhaji ta sayen sabuwa. Tsofaffin kayan tarihi doka ta hana fita da su haka kawai, Indunusiya suna da dokar kayan tarihi ta 2010 wadda take farawa daga abin da ya kai shekara 50, Malesiya kuma tasu ta 2005. Ka ga kenan da taka ta Majapahit ce da gaske da ba ka isa ka fita da ita ba sai da izinin hukuma. Kuma mutanen suna kishin abin, keris ɗin Yarima Diponegoro wanda ya yaƙi Turawan Holan daga 1825 zuwa 1830 tana can Leiden a ƙasar Holan shekaru aru-aru, sai a watan Maris na 2020 aka dawo musu da ita lokacin da sarkin Holan ya kai ziyara, ranar kamar an yi musu sallah.

Na uku wanda mutane ke mantawa, ƙota. Tsofaffi da yawa ƙotarsu hauren giwa ce, kuma tun 1989 aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe, in aka kama ka da shi ba ruwan kowa da cewa ba ka sani ba. Ka tsaya a kan ta itace ko ƙahon ɓauna, itacen kemuning ma ya fi kyau a idona, yana da wani ruwa-ruwa kamar zuma in haske ya doke shi.

Sannan ni a ganina tunda a Malesiya kake me zai kai ka fara da na Jawa? Ka tara na inda kake zaune mana, inda za ka iya zuwa ka ga maƙerin da idonka, akwai su a Kuala Kangsar da Terengganu da Kelantan ɗin da ka je biki. Na Malayu kubensu daban ne, saman yana da faɗi kamar kwalekwale, ga ƙotar da suke ce wa Jawa demam, wai Bajawe mai zazzaɓi, don kamar mutum ne ya dunƙule ya rungume kansa yana rawar ɗari, ga kuma tajong ta wajen Patani da Kelantan mai dogon hanci kamar bakin tsuntsu. Kuma ba keris kaɗai ba ce wuƙa a yankin, akwai badik ta Bugis da Makassar mai kaifi ɗaya, da rencong ta Aceh wadda suke cewa siffarta rubutun Bismillah ce, da kujang ta Sundawa, da ƴar ƙarama tumbuk lada. Maigidan da badik ya fara don ta fi araha kuma ba a cika yi mata ƙaryar shekaru kamar keris ba. Amma dai kar ka ce sai ka mallaki kowacce, haka ya yi da farko, gida ya cika da tarkace, daga baya ya rabar da fiye da rabi.

Alhaji_na_Jakarta

Hajiya ta kawo magana mai kyau, na yarda da ita a kan fara da na kusa da kai, ni don Jakarta ce hanyata shi ya sa bakina ya fi karkata can. Sai dai badik ɗin ma yanzu an fara yi mata tsufan dole, a dai duba.

To tsatsa. In ƴar kaɗan ce ja-ja a sama, ka samu man keken ɗinki ka ɗiga, ka bar shi ya kwana, da safe ka sa tsohon buroshin haƙori mai laushi ka bi ta daga gindi zuwa tsini, ka goge da tsumma mai tsabta, ka maimaita kwana uku ko huɗu. Inda ta yi tauri ka sa tsinken sakace ka ɗan taɓa, ban da allura ban da waya. Shi kenan abin da sabon shiga zai yi. Su can suna haɗa man da turaren sandal ko na furen melati don ƙamshi, in kana so ka ɗiga kaɗan, amma kar ka sa man gyaɗa ko na girki, yana daskarewa ya yi ɗanko ya yi wari. Kuma man kaɗan ake sawa a goge, in ya yi yawa kuben ne zai sha ya yi baƙi. Kar ka riƙa taɓa ruwan da yatsa, gumi gishiri ne.

Babban wanki kuwa, wanda ake cire ƙota a jiƙa ruwan wuƙar a ruwan kwakwa kwanaki a bi da lemon tsami har ta yi fari sannan a sake mata warangan, wannan ka kai wa masu yi. Asenik guba ce ta gaske, ba abin da za ka ajiye a ɗakin kwanan ɗalibai kusa da gwangwanin madara ba ne. Ni na taɓa cewa ai na ga yadda ake yi, na dawo gida na jiƙa wata miƙaƙƙiya mai wos wutah da nake ji da ita a ruwan lemon tsami zalla, aka kira ni ɗaurin aure a ƙauye na ce gobe zan dawo, sai da na yi kwana huɗu. Na tarar ta yi fari fat ta yi rami-rami, bakin kaifin ya zama kamar zarto, ga shi ba mai yin warangan a nan, haka na naɗe ta na koma da ita bayan wata bakwai, dattijon da na kai wa ya juya ta ya juya ya kalle ni ya ce wa ya yi mata wannan, na ce wani yarona ne.

In za ka cire ƙotar ka naɗe ruwan da tsumma mai kauri ka riƙe, ka murɗa ƙotar a hankali dama da hagu, yawanci zare ko ƙyalle ne kawai aka naɗa wa ƙarfen da ya shiga cikinta, shi suke kira pesi. In ta ƙi kar ka yi mata ƙarfi, pesi yana karyewa, kuma in ya karye darajar ta tafi. Wani abu kuma, idan ka koma gida lokacin hunturu ka kula da kuben, itacen da ya saba da laimar can in iskar ɗari ta buge shi tsagewa yake, nawa biyu suka tsage a shekarar farko, yanzu a cikin akwati nake ajiye su a naɗe, nesa da taga.

Taka kuma kar ka yar. Tunda layukan suna bin lanƙwasa to ƙirarriya ce, mai yiwuwa aikin Madura ne aka tsufar da ita da asid. Ka rubuta a ɗan kati ranar da ka saya da inda ka saya da nawa da abin da mai ita ya ce, ka ɗaura mata. Kowacce ka saya nan gaba ka yi mata haka.

Ɗan_Gombak

Na gode Alhaji, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na cire ƙotar yanzun nan ta fito salin-alin, kun san me aka naɗa wa pesi ɗin? Guntun jarida, har ana iya karanta tallan layin waya a jiki. Kakan matar tasa dai ashe ɗan zamani ne.

Na sa mata man keke na jingine ta a bayan kabad. Abokina na Kelantan ya ce kawunsa ya san wani maƙeri kusa da garinsu, in an gama jarrabawa za mu je, zan tambaye shi ko yana yarda mutum ya zauna ya kalli aikin. Baba Jikan Sarkin Maƙera in na samu zan ɗauko muku bidiyon wajen ninkin, ku gaya min ko zuga-zuginsu irin namu ne.